An ba ni Bayoloji, ni kuwa likitanci na nema

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Jihar Katsina. Tun ina firamare ba ni da buri sai na zama likita, har a gida "Dakta" ake kirana. Bara na rubuta JAMB na samu 228, ban samu gurbi ba, na zauna a gida ina zuwa lesin. Bana na sake, na samu 251, na yi Post-UTME, jarrabawar tantancewa ta jami'ar, sai ga shi jami'ar da na nema ta mayar da ni Bayoloji. Saƙon yana nan a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ban karɓa ba, ban ƙi ba. Baba ya ce in karɓa, shi ba zai sake biyan kuɗin JAMB da na lesin ba, ga ƙannena huɗu a baya. Kawu ya ce in shiga kawai, idan na gama aji ɗaya sai a canza mini zuwa Medisin. Wani a unguwarmu ya ce wa Umma yana da hanya, a kawo naira dubu ɗari huɗu. Wata ƙawata ta ce mu tafi karatu Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Gwaggo kuwa cewa ta yi a yi mini aure a huta. Waɗanda muka gama sakandare tare suna aji biyu, ni ko biki ba na son zuwa saboda tambayar "wace makaranta kike?" Barci ma ya ƙaurace mini. Anti, in karɓi abin da ba na so, ko in sake jiran wata shekara?

'Yarki daga Katsina

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Ki bar saƙon nan na CAPS yadda yake tukuna. Kada ki danna karɓa, kada ki danna ƙi, sai kin gama ɗan binciken da zan sa ki. Amma binciken na kwanaki ne, ba na makonni ba, domin tayin gurbi wa'adi gare shi, in ya wuce sai a miƙa wa na bayanki. Dalilin da ya sa na ce ki dakata shi ne, da zarar kin karɓa, kin rufe wa kanki ƙofar sauran makarantu a wannan shekarar. In kuma kika ƙi, kin fito fili ke nan, ba wanda ya yi miki alkawarin komai.

Maki 251 ba abin kunya ba ne. A jarrabawar 2025, da aka fara sakin sakamako, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba cikin 400. Abin da ya tare ki ƙarancin kujera ne. Kowace jami'a tana da adadin ɗaliban likitanci da hukumar MDCN, mai kula da likitoci da likitocin haƙori, ta yarje mata ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. In ta zarce adadin, ita za ta kwana a ciki. Gwamnati ta ƙara guraben a 'yan shekarun nan, amma masu nema sun ninka su nesa ba kusa ba. Kuma ba makin JAMB kaɗai ake dubawa ba: ana haɗa shi da na Post-UTME, wasu jami'o'in har da darajar sakamakon WAEC ko NECO, kowace da lissafinta. Bayan haka jami'o'in tarayya suna raba guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilimin boko. Shi ya sa za ki ga mai maki irin naki ta samu a wata jami'ar, wadda ta fi ki ta rasa a wata.

Mutumin unguwarku mai "hanya", ki roƙi Umma kada ta ba shi ko kwabo. Tun 2017 JAMB ta kawo CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba, hukumar ba ta san da zamansa ba. Sunanki ba zai shiga jerin ɗaliban da take riƙe da shi ba, da wannan jerin kuwa ake tantance masu tafiya bautar ƙasa. Irin waɗannan mutanen kashi biyu ne. Akwai wanda zai karɓi kuɗin iyaye goma ya zauna shiru. In yara biyu sun samu da ƙoƙarin kansu ya ce shi ya yi, sauran takwas ya dinga "a ƙara haƙuri, jeri na biyu na nan fitowa" har a gaji a bar shi da Allah. Akwai kuma wanda zai buga miki takardar bogi, ki ɗauki akwati ki tafi, sai wajen rijista asiri ya tonu. Dubu ɗari huɗun nan, in har akwai ta a gidan, ta rage muku nauyi mai yawa a makarantar gaskiya.

Kwatano ma ki cire ta daga lissafi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a can cikin makonni shida, bai taɓa zama a aji ba, har aka tura shi bautar ƙasa da takardar. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya ta fitar da sunayen 'yan jami'o'i ƙalilan da ta amince da su. Har waɗanda suka yi karatun gaske a can abin ya shafe su, don yanzu kowa kallon tuhuma yake yi wa takardarsu. Likitanci a ƙasar waje na gaskiya akwai shi, 'yan matan Arewa da yawa a Sudan da Masar suka yi. Sai dai da dala ake biya, in an dawo kuma sai an ci jarrabawar MDCN kafin a taɓa majinyaci. Sudan ɗin ma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu, wasu suna tsakiyar karatu. Uba mai 'ya'ya biyar da ke lissafin kuɗin lesin, ba a kai masa wannan maganar.

Shawarar Kawu ce nake so mu daɗe a kanta, don ita ta fi daɗin ji, ita kuma ta fi yaudarar yara. "Ki shiga kawai, daga baya a canza miki." Da wannan jimlar aka cika ajujuwan Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da ilimin tsirrai da yaran da zuciyarsu ke asibiti. Canjin kwas a cikin jami'a yana yiwuwa, ba ƙarya Kawu ya yi ba. Ga yadda ake yi: ki gama aji ɗaya da CGPA (matsakaicin makin jarrabawowinki na jami'a) mai ƙarfi, babu darasin da kika faɗi, ki cike fam, sashen da kike ya yarda ya sake ki, sashen da kike so ya yarda ya karɓe ki, majalisar jami'a ta sa hannu, a gyara bayananki a wajen JAMB. Daga Bayoloji zuwa Maikurobayoloji ko Bayokemistiri, wannan na faruwa. Zuwa Medisin kuwa, adadin nan na MDCN yana nan tsaye a bakin ƙofa. Su kansu waɗanda aka ɗauka Medisin tun farko, sai sun tsallake jarrabawar aji ɗaya da kyau kafin su wuce, ga masu shigowa aji biyu kai tsaye su ma suna jiran kasonsu. Jami'o'i da dama sun rufe canji zuwa likitanci ɗungurungum. Waɗanda suka bar shi a buɗe, 'yan tsirari suke ɗauka daga cikin waɗanda suka fi kowa a tsangayar kimiyya. Nasin da Famasi da gwaje-gwajen asibiti su ma kowanne da hukumarsa da adadinsa.

Saboda haka kada ki gina rayuwarki a kan "an ce". Ki tafi jami'ar da ƙafarki, ko Kawun da kansa ya raka ki tunda shawararsa ce. Ku nemi kodinetan aji ɗaya na sashen Bayoloji, ku shiga ofishin harkokin karatu, ku yi tambaya a fili: ana canji daga nan zuwa Medisin ko Nasin? CGPA nawa ake nema? Bara mutum nawa suka nema, nawa aka ba? Ku nemi ganin littafin dokokin ɗalibai, abin a rubuce yake a ciki. Ki kuma tsayar da 'yan aji uku ko huɗu na sashen ki tambaye su, su ba sa ɓoye gaskiya. In amsar ta zama "ba a yi", ai kin sani tun kafin ki shiga, ba sai kin kai ƙarshen shekara zuciya ta karye ba.

Yanzu ga tambayar da ba kowa zai yi miki ba a gida. Mene ne ainihin abin da kike so a likitancin? Yarinyar da aka daɗe ana kira Dakta tun tana ƙarama, wani lokaci ba ta samun sararin tambayar kanta, don sunan ya riga ya zama bashi a wuyanta. Ban ce burinki ba na gaske ba ne. Cewa na yi ki gwada shi. In kuna da 'yar uwa ko maƙwabciya nas ko ungozoma, ki roƙe ta ta nema miki izini ki bi ta wurin aiki na 'yan kwanaki. Ki ga jini, ki ji warin ɗakin masu rauni, ki ga yadda ake kwana a tsaye, ki ga dangin majinyaci suna faɗa da ma'aikaci a kan abin da ba laifinsa ba. Akwai wadda za ta dawo ta ce ko a mafarki ba ta so, akwai wadda za ta dawo ta ƙara ƙulla ɗamara. Ki kuma sa a lissafi cewa likitanci shekara shida ne in ba a yi yajin aiki ba (na ASUU a 2022 wata takwas ya ci), sai shekara guda ta horon asibiti, sai bautar ƙasa, ƙwarewa a wani fanni kuma wasu shekarun ne daban.

In kika gano cewa abin da ke ranki shi ne ki tsaya a kan mara lafiya, ki karɓi haihuwa, mace ta shigo asibiti ta sami 'yar uwarta mace da za ta buɗe wa cikinta ba kunya, to ƙofofin shiga asibiti sun fi ɗaya. Nasin a jami'a shekara biyar ne. Kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma suna nan a jihohinmu, da yawansu yanzu ta JAMB suke ɗauka, a kan tsarin ND da HND, a ƙarshe ki rubuta jarrabawar hukumar NMCN, mai kula da ma'aikatan jinya da ungozoma, ki sami lasisi. Akwai ilimin gwaje-gwajen asibiti, da na gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, da na ɗaukar hoton cikin jiki, da harhaɗa magunguna. Akwai makarantun fasahar lafiya masu horar da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne lasisi: kina gamawa kina da sana'a a hannu, hukuma ta san ki, kuma mace ma'aikaciyar lafiya a Arewa nemanta ake yi. Na san a idon wasu dangi nas ba ta kai likita ba. Su ɗin nan dai, ranar da naƙuda ta zo wa 'yarsu da tsakar dare, lambar nas ɗin unguwa suke nema.

To wannan shi ne binciken kwanakin nan. Ki je ofishin JAMB na jiha ko cibiyar CBT (inda ake rubuta JAMB a kwamfuta) da hukumar ta amince da ita, ki tambaya ko har yanzu ana canjin makaranta da kwas, kuma waɗanne makarantu ne ba su rufe ɗauka ba. Kowa ABU da BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri yake rububi, don su aka sani tun kaka da kakanni. Amma akwai jami'o'in tarayya da aka kafa daga 2011 zuwa 2013 a Dutsin-Ma da Dutse da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga na jihohi. Ki duba wace ce ke da kwas ɗin lafiya da makinki zai iya shiga. Kafin ki zaɓa, ki tabbatar hukumar NUC, mai kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin, hukumar masu sana'ar ita ma ta amince, domin kwas ɗin lafiya da hukumarsa ba ta tantance ba yana iya riƙe ɗalibi shekaru ba a yaye shi ba. Kuma kada ki saki Bayolojin a kan hasashe. Sai makarantar ta tabbatar miki cewa tana kan ɗauka kuma makinki ya kai, in ba haka ba kin saki reshe kin kama ganye.

Akwai hanyar IJMB, wadda ABU ke kula da ita, da JUPEB, wadda rukunin jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka kafa. Karatun kusan shekara guda ne a kan darussa uku, in kin ci da kyau ki sayi fam ɗin DE na JAMB ki nemi shiga aji biyu kai tsaye. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa a jiharku take, ba sai kin yi nisa ba. Amfaninta shi ne shekarar ba ta tafi a banza ba, tunda aji biyu za ki faɗa. Sai dai in Medisin ce manufar, ki sani kason DE ya fi na masu shiga ta jarrabawar JAMB ƙanƙanta, sai mai sakamako na ƙin ƙarawa. Ga kuɗin makaranta da na kwana. Cibiyoyin bogi kuma sun yi yawa a wannan harkar, masu alkawarin maki kafin a shiga aji. JAMB yanzu tana bin diddigin sakamakon har wurin da ya fito, wanda aka kama da na jabu ya rasa gurbin ya kuma jawo wa kansa shari'a.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne ki ƙi gurbin nan ki koma ɗaki ki jira JAMB ta uku. Kin ɗanɗana zaman gida na shekara guda, kin ga abin da ya yi miki: kin daina shiga mutane, barci ya gudu. Shekara ta biyu ta fi ta farko nauyi. Aikin gida zai ƙaru a kanki tunda "ai ba inda za ki", maganar Gwaggo za ta ƙara samun masu saurare, karatun kuma ba lallai ya ƙaru ba. Daga 228 zuwa 251 ci gaba ne, amma shekara guda cur ta lesin ce ta ba ki maki 23. Kafin ki ce za ki sake, ki ɗauko takardar sakamakonki ki duba darasi ɗaya-ɗaya. In Fiziks ce ko Kemistiri ke ja miki baya, kin san inda za ki sa ƙarfi. In kuwa duka huɗun a tsaka-tsaki suke, to maimaita irin karatun bara ba zai canja komai ba. Sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne, 251 ɗin nan ba za ta bi ki zuwa baɗi ba. In kika sake kika sami ƙasa da haka, Bayolojin ma sai ta gagara.

Da ke 'yar cikina ce, ga abin da zan ce miki. In binciken ya nuna akwai gurbin Nasin ko wani kwas ɗin lafiya mai lasisi da za ki samu bana, kuma kin gwada zuciyarki kin ga asibitin kike so, ki tafi can. In babu, ki karɓi Bayoloji kafin wa'adi ya cika, ki shiga makaranta, ki sake rubuta JAMB kina ciki. Hukumar ba ta hana ɗalibin jami'a sake jarrabawa ba, amma tana so ya bayyana cewa ɗalibi ne lokacin rijista, kuma ba a riƙe gurbi biyu. In sabon ya samu, tsohon ya tafi. Kada ki ɓoye wannan, ɓoyewar ce ke jawo matsala. Abin da ya sa na fi son wannan hanyar: ɗan aji ɗaya a tsangayar kimiyya Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da Lissafi da Turanci yake karantawa, wato, in aka cire Lissafi, darussan JAMB ɗinki ne a mataki na gaba, da ɗakin karatu da abokan tattaunawa. In Allah ya sa kin sami Medisin baɗi, asararki kuɗin rijistar shekara ɗaya ce. In ba ki samu ba, kina aji biyu, ba ki rasa komai ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ki yi wa Bayolojin riƙon sakainar kashi. Yara da yawa suna shiga da fushi, su ƙi zuwa lacca don "ba kwas ɗina ba ne", su fito aji ɗaya da CGPA da ba za ta kai su ko'ina ba, canjin ya gagara, JAMB ma ta gagara, sai su kwashe shekara uku suna gyaran ɓarnar shekara ɗaya.

Ita Bayolojin, bari in faɗa miki abin da take bayarwa da abin da ba ta bayarwa, don kada wani ya yi miki romon baka. Ba za ta ba ki lasisin aiki a ɗakin gwajin asibiti ba. Wannan na waɗanda suka karanta gwaje-gwajen asibiti ne, da hukumarsu ta MLSCN. Masu digirin Bayoloji da Maikurobayoloji da yawa sai bayan sun gama suke jin wannan. Kuma ba digiri ba ne da aiki ke jiran mutum a bakin ƙofa. Amma shekara huɗu ne, kina gamawa kina da shekara 23 ko 24. Da sakamako mai kyau, ana tafiya digiri na biyu a lafiyar al'umma, ko ilimin ƙwayoyin cuta, ko na sauro da sauran ƙwarin da ke yaɗa cuta, aikin da ake buƙata a yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Akwai hukumomi irin su NAFDAC da NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, akwai cibiyoyin bincike kamar ta ciwon sammore da ke Kaduna da ta aikin gona da ke Samaru. Akwai koyarwa, in kin ƙara difilomar koyarwa ta PGDE kin yi rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai, kuma malamar kimiyya mace a makarantun 'yan mata ba ta yin kwantai. Wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu mai girma yana iya neman shiga likitanci ko Nasin ta DE a jami'o'in da ke karɓa. Hanya ce mai tsawo, guraben kaɗan ne, amma akwai likitocin da ta nan suka bi.

Sai Baba. Kada ki ɗauke shi a matsayin wanda ya tare miki hanya. Mutum ne da ya biya JAMB sau biyu da lesin na shekara guda, yana kallon ƙannenki huɗu suna tasowa. Kuka da kulle kai a ɗaki ba za su motsa shi ba, lissafi ne zai motsa shi. Ki fara shawo kan Umma, ku zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki durƙusa ki gode masa a kan abin da ya riga ya kashe, sannan ki ajiye masa takarda: ga abin da na bincika, ga kuɗin rijista, ga na ɗakin kwana, ga abin da na yanke. Ki ce masa kin karɓi shawararsa za ki shiga makaranta, alfarma ɗaya kike nema, ya bar ki ki sake gwadawa sau ɗaya, kuma kuɗin fam ɗin ke za ki nema. Yarinyar da ta ci 251 tana iya koyar da yaran unguwa Lissafi da Kimiyya da yamma a biya ta. In kina da sana'ar hannu, lalle ko ɗinki ko girki, a ɗakin kwanan ɗalibai kasuwa ce. Ki kuma yi masa bayanin NELFUND, asusun bashin karatu da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati: babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, akwai ɗan alawus na wata-wata ga wanda ya nema, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ba kyauta ba, sai ku yi shawara a gida. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ma ki cike fam ɗinta duk lokacin da aka buɗe, ko da abin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Gwaggo ba sai kin yi musu da ita ba, ki ce "to Gwaggo, Allah ya kawo nagari" ki wuce. Aure ba ya hana karatu, jami'o'inmu cike suke da matan aure, wasu da goyo suke zuwa lacca. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi shi don an rasa yadda za a yi da ke, ko ke ki yarda don ki guje wa tambayar mutane. In manemi na kirki ya fito kina karatu, a yi maganar makaranta a gaban manya tun kafin a sa rana, a ji ta bakinsa da bakin waliyyansa. Kuma yarinyar da ke da lambar rijista a jami'a ta fi ƙarfin kafa wannan sharaɗin a kan wadda ke zaune tana jiran JAMB.

Rashin barcin nan kuma kada ki raina shi. Ki faɗa wa Umma yadda kike ji, ba a kan makaranta kaɗai ba, har da kwanan da kike yi ido biyu. Ki yi istihara kafin ki danna komai, ki ci gaba da fita cikin mutane. Wanda ya tambaye ki wace makaranta kike, ki ce "na sami gurbi, muna shirin rijista", gaskiya kika faɗa. In abin ya wuce mako biyu kina kasa cin abinci, kina kuka ba dalili, ko wani mugun tunani na zuwa miki game da ranki, ku je asibiti a duba ki, ciwo ne da ake magani.

Abu na ƙarshe, wanda yara ke sakaci da shi: lambar sirrin shafinki na JAMB da layin wayar da kika yi rijista da shi, su zauna a hannunki ke kaɗai. Kada ki bar su a wajen mai shagon intanet, kada ki ba Kawu, balle mutumin nan mai hanya. An sha danna wa yara karɓa ko ƙi ba da saninsu ba, warware wannan kuwa wahala ce babba. In wani ya riga ya san lambar, ki canja ta yau. Ki rubuto mini abin da suka ce muku a ofishin harkokin karatu.

Antinki